Hankakan da Na Sa a Ƙofar Shago

Da na buɗe shagon farin yadi a babbar kasuwar garinmu da ake kira Kasuwar Libiya, sai na ce tambarina hankaka ne. Dalilina mai ƙarfi ne: tsuntsun nan yini yake a juji, amma ƙirjinsa fari fat. Mai zanen allo a unguwar Alshajara ya tambaye ni sau uku, "Ya zol, bawan Allah, ka tabbata?" Na ce shi dai ya zana.

Angwaye nake jira su zo yankar jallabiya. Maimakon haka, sai dattawa suka riƙa shigowa fuska a murtuke, suna magana ƙasa-ƙasa, suna neman likkafani. Ni kuwa ina ta aunawa, ina mamakin yadda mutuwa ta san shagona. Wani ango ma ya ɗaga kai ya ga allon, ya ja a'uziyya, ya juya.

Baffana ne ya zaunar da ni. "Ɗana, wa ya koya wa ɗan Adam binne gawa? Ba hankaka ba?"

Tuni na sauke allon. Amma har yau, in na ɗauko ma'auni, sai Baffa ya ja da baya ya ce, "Dakata, ɗana, ban shirya ba tukuna."