Garantin Injiniya Giɗaɗo

"Ni za a sayar wa garanti? Ni da nake gane ciwon inji tun kafin ya yi tari?"

Da wannan kurin Malam Giɗaɗo ya cika shagon babura na Erdington, a Birmingham, ranar da ya je ɗaukar sabon babur ɗinsa. In ba ka san Giɗaɗo ba, ɗan'uwa, gyara zama. Digiri na uku yake yi a fannin tarihi, can uni, wato jami'ar da ke unguwar Edgbaston, amma sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya. Hujjarsa kuwa, ya taɓa shekara biyu yana zaman rumfar wani bakanike a Ƙofar Ruwa yana ɓare gyaɗa, in an ce miƙo sifana ya miƙa filaya.

Clara, baturiyar da ke sayar da baburan, ta yi masa bayani cikin haƙuri. Babur yana da garantin kamfani na shekara biyu. In ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, za a ƙara masa shekara uku, kuma duk inda babur ya mace a hanya za a zo a ɗauke shi kyauta. Ta ce yana da kwana talatin ya yi shawara.

Matarsa Raki ta matso ta raɗa masa, "Malam, mu saya mana." Ita ce fa ta haƙura da zuwa gida ganin iyayenta a bana don a sayi babur ɗin nan, saboda haka tana da bakin magana. Giɗaɗo ya ce mata sha'anin inji ba tuƙin tuwo ba ne.

Shi abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Ya zagaya babur sau uku, bai ga ko ƙyallin leda ba. Ka san mu a gida, sabon babur da ledarsa ake hawa, a kujera da tanki da madubi, har sai ta yi yaga-yaga ta faɗi don kanta. Da ya tambaya, Clara ta ce ai su suke cirewa kafin su miƙa wa mai saye. Nan take Injiniya ya gano bakin zaren: sai su cire ledar don babur ya yi saurin lalacewa, sannan su sayar maka da takarda. Ya gyaɗa kai ya ce da Hausa, "Na gano ku."

Suna isa gida ya faɗa kicin, ya kwashe ledar nan mai santsi da Raki take naɗe ragowar abinci ta sa a firji. Ya naɗe kujera, ya naɗe tanki, ya naɗe madubai har sai da ya daina ganin bayansa. Ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya ce ga garanti na gaskiya. Sati huɗu yana zuwa uni a haka, kujera na sulɓi, duk birkin da ya taka sai ya tafi ya rungumi tanki. Ya ce wannan salon tuƙi ne.

Ana cikin haka aka haihu a gidan Yaya Abdulhafiz, wan Raki, a Manchester. Suna ya faɗo ranar kwana na ashirin da tara. Har kakarsu Hajiya Umma ta zo daga Kano, tsohuwa mai baki kamar reza, wadda kullum take tsokanar Giɗaɗo da sunan angonta. Ta gargaɗe shi a waya kada ya zo mata hannu rabbana. Gogan naka ya shiga zauren WhatsApp na dangi ya yi shela cewa kowa ya fito ƙofar gida ƙarfe biyu, zai kawo abin da Manchester ba ta taɓa gani ba. Har ya kunna musu abin nan da ke nuna inda mutum yake a taswira, don kada a rasa shigowarsa.

Raki ta sake roƙonsa da safe ya buga wa Clara, tunda gobe wa'adi ke cika. Ya ƙi. Ta ɗauki jakarta ta tafi tashar jirgin ƙasa, zuciyarta a ɓace.

Shi kuwa ya duba sama ya ga hadari. Sai tausayin injin ya kama shi, ga shi tsirara ruwa zai doke shi. Ya ɗauko sauran ledar ya yi wa inji rawani, ninki bakwai, har da kafar da yake shaƙar iska. Ya kifa hular kwano ya kama hanya ta cikin garuruwa, don ba a barin mai lambar koyo ya hau babban titi.

Bai fita Birmingham ba ya fara jin ƙauri. Ya ce ƙamshin sabon inji ne. Can gaba ƙafafunsa suka ɗauki zafi, ya ce Allah Ya yi wa Turawa basira, har da abin ɗumama ƙafa. Babur ya fara shessheƙa, shi kuma ya ƙara murɗa totur wai don ya buɗe masa ƙirji. Ya tsaya sau uku, kuma duk tsayawa, in ya ga leda ta narke sai ya ƙara wata. Saura kaɗan a shiga Manchester inji ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, ya yi tsit. Ya buga, ya buga, ko uffan.

Ka ɗauka ya saduda? Ina! Ya kira motar janwe, da ta iso sai ya kira Clara da muryar manyan mutane. Ya ce ya yi nazari mai zurfi, ya amince zai sayi ƙarin garantin, yanzun nan, kafin a tashi daga aiki. Clara ta ce ta yi murna, ta tambayi lafiyar babur. Ya ce garau, kamar ran da aka ƙera shi. Daidai nan direban janwe, wanda ya tsuguna yana ɓamɓarar leda da wuƙa, ya ɗaga murya yana tambayar wane mahaukaci ne ya dafa injin nan a cikin ledar abinci.

Clara ta ce ta ji abin da mutumin ya faɗa. Sannan ta nemi ya turo hoto. Da ta gani, ta gaya masa cikin ladabi cewa ba za a sayar masa da ƙarin ba, kuma na shekara biyun ma ba zai biya wannan ɓarnar ba. Ya ji ana dariya a bayanta, aƙalla mutum huɗu.

Fuskar Raki ce ta fara faɗo wa Giɗaɗo a rai. Ya biya kuɗin janwe, wanda ya fi na garantin, ya roƙi direba ya sauke shi a bayan layi ya ƙarasa da turi. Direba ya ce adireshin da aka ba shi nan zai kai. Kuma Injiniya ya manta bai kashe taswirar nan ba.

Saboda haka dangi kaf suna ƙofar gida, har da masu ɗaukar bidiyo, lokacin da janwe ya shigo layin da baya, yana ƙara yana walƙiya da fitila. A samansa ga babur a ɗaure, leda ta narke ta yi masa jawur, yana ta tashin ƙauri. Yaya Abdulhafiz ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Raki ta harɗe hannu ta zuba masa ido, kuma wannan kallon ya fi masa zagi ciwo.

Hajiya Umma ta taka a hankali har gindin motar. Ta shinshina, ta zunguri injin da sandarta, ta dubi Giɗaɗo da ya ƙi cire hular kwano.

"Sannu da gashi, angona, ya gasu har ƙashi," in ji ta. "Raki, tunda ya riga ya naɗe mana, a nema masa wuri a firji."