Kwalekwalena a Tankin Ruwan Gida

Ba zan taɓa mantawa da kwalekwalen da na haɗa a unguwar Hay el-Sabi' ba, a 2013, ina ɗalibi a ƙasar Larabawa, lokacin da dokar hana fita ta kulle mu a gida. A kasuwar Ataba na sayo shi cikin kwali, 'yan katakai da gam. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma da yake ni jikan masunta ne daga Yauri (wanda ko iyo bai iya ba), sai abin ya hau mini kai. Na manna, na goge, na shafe shi da fentin mai, kore-fari-kore.

Saura gwaji. Abokin zamana Sani ya ce in sa shi a bahon wanki, na ce wannan ai raini ne. Na saci jiki na hau rufin bene, na buɗe tankin da duk gidan ke shan ruwansa, na ɗora shi. Ya yi iyo gwanin sha'awa, sannan ya lulla can ƙuryar da hannuna ba ya kaiwa. Fentin kuwa bai gama bushewa ba.

Hankalina ya tashi. Dama Hajj mai gidan ya ja mana kunne cewa in maƙwabta suka sake kawo ƙararmu, mu kwashe kayanmu. Ga jarrabawa ta matso, ba mu da inda za mu nufa.

Washegari Sani ya tari ruwan famfo ya shinshina. "Malam, warin ruwan nan ya jirkita. Ba ya alwala."

"Anya? Ni ban ji komai ba," in ji ni. (Babin tsarki muke karantawa a lokacin, hukuncin na haddace shi tsaf.)

Kafin la'asar maƙwabta sun fara kukan shayinsu na ɗanɗanon fenti. Hajj ya hau rufi da doguwar sanda, jama'a na biye da shi, ni ina can baya ina addu'ar Allah ya sa kwalekwalen ya nutse. Ina! Aikina ya yi kyau. Ya fito yana sheƙi.

Hajj ya ɗaga shi sama. "Wannan tutar wace ƙasa ce?"

"Tamu ce, ya Hajj," in ji Sani. "Ga matuƙin can yana ɓuya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har na fara tunanin masallacin da zai karɓi ajiyar littattafaina.

"Khalas, shi ke nan, ba zan kore ku ba," in ji Hajj. "Shiga ka wanke tankin. Yalla, maza!"

Na wanke, yara na leƙena. Sani kuma ya tasa ni gaba ƙofa-ƙofa, in sanar da kowa ya rama sallolinsa.

Kwalekwalen kuwa, Hajj ya ba jikansa. Yaron a bahon wanki yake tuƙa shi, lafiya lau. Tun daga ranar, in an ce mini baho, ba na gardama.