Yadda Za Ka Mallaki Telen Gobe Tun Ba a Ƙera Ta Ba

Ka ga bidiyon nan da ke yawo a waya, inda wani kamfanin ƙasar waje ya nuna gidan gobe: tele mai faɗin bango, mai jin magana, hotonta yana fitowa kamar ka taɓa shi. Ka kuma ga yadda 'yan fadarka, abokan hira da shan shayi, suka naɗe tabarmi suka koma ƙofar maƙwabcinka Mudassir, tun ranar da ya sayo panno mai jan wutar rana da 'yar telensa mai faɗin faranti. Abin yana cin ranka, na sani, ni ma ya ci nawa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci cikin kwana bakwai fada za ta dawo ƙofarka, ba wutar kuran, ba batir, ba ma telen.

1. Sayi kwali

Je Tasawa, bayan shagunan kayan wuta, ka nemi kwalin tele mafi girma. Kwalin kawai. Kar ka ji kunya. Kamfanin ma bai ƙera abin ba tukuna, hoto ya nuna duniya ta yi ta tafi. Kai da ka riƙe kwali ka fi shi kaya a hannu.

2. Shigo da rana tsaka

Shigo garinmu Urafane ranar kasuwa, a bayan kabu-kabu, rungume da kwalin kana nishi. Duk ramin da aka faɗa, daka wa mai babur tsawa: "Sannu-sannu, malam, wanga abu ba buhun hatsi ba ne!" A bi ta ƙofar Mudassir sau biyu, ko da ba hanya ba ce.

3. Lulluɓe shi

Jingina shi a zaure, ka rufe da zanen gadon matarka mai ado. Masana sun tabbatar abin da aka lulluɓe ya fi wanda aka kunna kwarjini.

4. Tanadi amsa

Za a ce ka kunna. Gyara murya ka ce, "Mizajur take yi," wato tana sabunta kanta. Ba wanda zai so a gane bai ji Faransanci ba. In an matsa, ce ba ta da telekomandi na dannawa, murya take ji, amma Hausarmu ba ta iso cikinta ba, da ta Kano suka fara. Sannan miƙa kofin shayin farko ga Malam Abdulmumini, dattijon da duk inda ya zauna nan fada take zama. Ni kwana huɗu ya ɗauke ni, zaurena ya cika har da masu tsayuwa.

5. Kar ka sa rana

Nan na yi kuskure. Malam Abdulmumini ya ce mini, "To Yusha'u, ranar ƙarshe ta kokowar ƙasa, ranar da ake ba zakara takobi, nan za mu kallo." Daɗin cikar zaure ya ɗebe ni na ce, "In Allah ya so." Na ƙudurta in ranar ta zo in ɗora wa rezo laifi, in ce tashar ce ba ta kamuwa.

6. Saurari matarka

Hindatu, mai ɗakina, ta ce mini, "Maigida, jar akuyar nan fa ta san hanyar zaure." Na ce ita da harkar zamani sai kallo. Ashe kwana uku akuyar tana cin kwalin ta baya.

Ranar takobi, bayan la'asar, gari ya taru. Har Mudassir ya kashe tasa telen ya zo ganin ta gobe. Ban kai ga ambaton rezo ba zanen ya motsa, ya zame, sai ga kan akuya ya ɓullo ta tsakiyar kwali tana tauna sunan kamfanin. Malam Abdulmumini ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Lalle kamfanin ga bai yi ƙarya ba, hoton ya hito. Har wari gare shi."

Aka kwasa da gudu zuwa ƙofar Mudassir. Kafin telensa ta kama, an riga an yi kaye, an ba da takobi. Kwalin sun yafe mini. Wannan kayen da ba su gani ba ne har yau ba su yafe ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, tsakaninka da akuyarka ne, ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni ƙofar Mudassir, layin baya, wajen takalma. Ni ne wanda ake miƙa wa kofin shayi na uku, na ƙarshe.