Ranar da na gaida Dogo da Polanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ta Tanut ba, ko da kuwa haƙoran da suka rage mini sun bi 'yan uwansu. Lokacin ina saurayi, baduku ne ni, Faransawa kuma ba su daɗe da zama daram a Damargu ba.

Cikin sojojinsu akwai wani farin mutum da ke kula da haƙar rijiya, muna ce masa Dogo. Takalminsa ya kawo mini gyara, daga nan ya riƙa zama a rumfata yana koyon Hausa. A wurinsa na ji cewa shi ba Bafaranshe ba ne, ƙasarsu Polan, kuma duk barikin ba mai jin yarensa ko ɗaya (ni da na ɗauka duk Nasara bakinsu guda ne). Tausayinsa ya kama ni, na ce ya koya mini.

Wayyo harshena! Yaren nan kamar ana watsa ruwa a garwashi, sh-sh-sh. Da ƙyar na kama "jin dobri", wato ina kwana, da "yak she ma", wato yaya wane yake. "Mama" kuwa a bakinsa na tsinta, ranar da ya ga innata ta wuce. Abin da ya dame ni, gaisuwarsu guntuwa ce. A ce ka gaida mutum ba ka tambayi gidansu ba? Na ƙudura zan yi masa cikakkiya irin tamu.

Da na yi ta a keɓe da sauƙi. Ina! Sai da na tara dukawa da Iya Hassu mai fura, na ce su zo su ga yadda ake magana da Nasara. Dogo na isowa na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce, "Jin dobri!" Ya yi dariya ya amsa. Kaina ya kumbura. Na ce, "Yak she ma mama?"

Dariyarsa ta ɗauke. To mu a nan ba a barin gaisuwa ba amsa, sai na maimaita da ƙarfi. Na sake. Ƙaton mutumin nan ya zauna a kan fatuna, ya rufe fuska, ya fashe da kuka.

"Kai ɗan nan, uwarsa ka zaga?" in ji Iya Hassu, ta ɗaga ludayi. Dukawan da na gayyato suka fara sulalewa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da Dogo ya natsu, ya faɗa da guntuwar Hausarsa cewa mahaifiyarsa ta rasu yana wurin yaƙi, bai ga kabarinta ba, kuma ba wanda ya taɓa yi masa gaisuwar mutuwa. Iya ta ajiye ludayi, ta durƙusa ta ce, "Sannu ɗana, ya haƙuri?" Waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Har la'asar ana zuwa rumfata yi masa ta'aziyya, ni kuwa ina gefe na kasa ɗaga kai. Da zai tafi ya riƙe hannuna, ya ce in sake faɗa masa gaisuwar Polancin nan sau ɗaya, a hankali. Na faɗa.

Tun daga ranar, kafin in tambayi lafiyar uwar mutum da yarensa, sai na fara bincikawa da Hausa ko tana raye. Kuma ba na gayyatar 'yan kallo.