Kaka Tela a Shafin Masu Sharhin Fim

"Lafiya lau, sai dai zuwanka. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa ka tare mini haske kamar turken lantarki," in ji Kaka.

"Ina kwana dai nake cewa, tsohuwa. Ko kunnen ma ya bi sahun haƙoran ne?"

"Na amsa tun kana tsallako titi. Ina saƙona?"

Shagon ɗinkin Kaka ɗan ƙarami ne: keke ɗaya na takawa da ƙafa, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe, sai mage da ke barci a kan kwandon ƙyallaye. Shekara arba'in da bakwai tana ɗinki a nan. Wata takwas da suka wuce wata darakta ta ari shagon don ɗaukar fitowa ɗaya a fim. Jarumar da aka kawo ta yi tela ta karya allura biyu ba ta ɗinka ko taƙi ɗaya ba, sai darakta ta roƙi Kaka ta zauna a madadinta. Minti uku kacal ta yi a gaban kyamara, kuma a ciki ta faɗi wata magana da ba a rubuta mata ba. Tun ranar take zargin ta ɓata wa mutane aiki. Fim ya fito makon jiya, gari ya ɗauka, ita kuwa ta ƙi leƙa sinima. Yau jaridu suke fitar da sharhin fina-finai, shi ne ta aiki jikanta Dogo, malamin lissafi a sakandare, ya sayo mata guda uku ya karanta mata, don tabaranta ba ya kama ƙananan rubutu.

Dogo ya ajiye jaridu a kan tebur.

"Uku na ce. Biyu nake gani. Wannan ne malamin lissafin? Allah ya ji ƙan 'ya'yan mutane."

"Ta ukun ta ƙare. Mai jarida ya ce tunda aka ji kin fito a fim, masu sayar da maganin ɓera suka kwashe ta, wai za su riƙa liƙa hotonki a ɗakin ajiya."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Miji ne kai ko abokin gaba? Mazan kirki matansu na fita a fim suna yanka musu yadi, kai ko zare ba ka taɓa kawowa ba."

"Yadi nawa zai ci? Ke da ƙyalle ɗaya ya ishe ki riga da zane har da canji."

"Zauna ka karanta, sarkin surutu. Kuma a hankali, ba irin karatun da kake yi wa ɗalibai suna gyangyaɗi ba."

Ya ja kujera, ya buɗe ta farko, ya yi gyaran murya sau uku.

"Taurari biyar suka ba shi, tsohuwa. Saurara. ‘Wannan fim na mutumin da ya dawo gida bayan rasuwar mahaifinsa ba ya ɗaga murya, amma ba wanda zai fito daga sinima yadda ya shiga. Rabon da mu ga irinsa an daɗe.’"

"Madalla. Ci gaba."

"‘Sai dai kash, ana tsakiyar daɗi wata tsohuwa ta faɗo ciki kamar ƙuda a kofin shayi, har yara uku suka fashe da kuka, aka mayar wa iyayensu kuɗin tikiti.’"

"Ƙarya kake!"

"Ga shi a rubuce."

"A rubuce a silin? Idonka na sama kake karantawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Dogo. Ni da na yi maka wanka a baho kana tsala ihu kamar an taka wutsiyar kare, yau ni za ka yi wa wayo?"

"Ke kika ce wanka ne. Ni na ɗauka wanki ne, irin murzar da na sha."

"Ai da ban murje ka ba da har yanzu ba a gane gabanka da bayanka. Buɗe ta biyu."

Ya buɗe. Wannan karon idonsa na kan takarda.

"Ita ma biyar. ‘Mai ɗaukar hoto ya san darajar haske. Mai kiɗa ya san lokacin da ake yin shiru. Jarumin ya yi wasan da za a daɗe ana tunawa. Hatta magen da ke kwance a shagon tela ta san aikinta.’"

"Wace mage?"

"Ga ta can a kwando. Ranki ya daɗe, jaruma, a tashi lafiya."

"Wannan ɓarauniyar? Ita aka rubuta?"

"Layi guda cur. Yabon gwani ya zama dole. Ina ganin daga yau ita za ta riƙa zama a keke, ke ki koma kwando."

"Ni fa? Duba ƙasa."

"Ƙasa tallan katifa ne."

Kaka ta juya wurin kekenta. Ta ɗauki wata riga ta sa a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan keke, amma ba ta taka ba. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, sun rufa mini asiri. Yarinyar nan daraktar ta kashe shekara uku a kan fim ɗin nan. Da sun ce na ɓata, da ina zan sa fuskata?"

Dogo ya ga wasa ya soma wuce gona da iri. Ya kai hannu ƙirji ke nan sai ta ɗago.

"Yauwa, fito da ita. Tun shigowarka na ga kafaɗar rigar ta karkace, maɓalli na uku na neman tsinkewa. Ni na ɗinka ta, na san ba ka da ƙirjin da zai cika ta haka."

"Kai, tsohuwar nan! Ashe tarko kika ɗana mini da muryar tausayi?"

"Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Rabin tausayin gaske ne, rabi na kamun ɓarawo. Karanta. In zagi ne ma ka karanta yadda yake, kar ka rage ko wasali."

Ya zaro jaridar daga cikin riga, ya miƙe ta a gwiwa, ya juyo mata shafin. Hoto ne babba: hannaye biyu masu jijiyoyi riƙe da tef ɗin awo a kan kafaɗar wani mutum.

Ya karanta: "‘Kowa zai yabi jarumin, kuma ya cancanta. Ni kuwa minti uku ne suka hana ni sakat. Mutumin ya kai kwat ɗin mahaifinsa wurin wata tsohuwar tela a rage masa. Ta auna shi tsaf. Sannan ta dube shi ta ce, ta yi maka yawa, amma kar a rage, za ka cika ta. Na binciko, ashe ba 'yar fim ba ce, kuma ba a rubuta mata maganar ba. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban ga hannayen da suka faɗi gaskiya kamar nata ba.’"

Kaka ta juya tafin hannunta, ta dubi bayansa, ta dubi tabon allura a ɗan yatsanta.

"Ni fa gaskiya kawai na faɗa. Yaron ba shi da kafaɗa. Kuma yadin mai kyau ne, asara ne a yanka shi." Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. "Shekara arba'in da bakwai, ba wanda ya taɓa cewa komai a kan hannayen nan sai dai, Kaka, yaushe za ki gama? Sake karanta wurin ƙarshen."

Ya sake karantawa, a hankali.

"To, maigida, ina bakin? Ɗazu kamar rediyo."

"Yana nan. Ni dai na ce mai sharhin ya yi sa'a hannu aka nuna masa, ba fuska ba."

"Kai ka ga fim ɗin ne da kake magana?"

"Na ɗan leƙa."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu! Malamin da ko biro sai ya ara?"

"Sanyin na'urar sinimar nake bi. Kuma mutumin da ke kusa da ni ne ya yi ta kuka a wurin maganarki, har ya jiƙa mini hannun riga."

"Duk sau huɗun shi ne a kusa da kai?"

"Mutum ne mai naci."

"Labarin zuciya a tambayi fuska. Dube ni nan. Wa ya yi kukan?"

Dogo ya dubi mage, ya dubi madubi, sannan ya tuntsire da dariya ya ɗaga hannaye sama.

"Shi ke nan, kin ci! Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Ni ne, duk sau huɗun." Ya laluba aljihu ya ajiye tikiti biyu a kan keken. "Na ƙarfe huɗu ne, yau. Rufe shagon nan ki zo ki ga abin da kika aikata."

Kaka ta ɗaga tikitin tana dubawa a haske, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Zan je. Amma ka bi ni a baya da taku uku, kar masu ɗaukar hoto su zaci wannan ne mijin jaruma."

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji Dogo yana share ido da dariya. "Miƙo jakar, ni ne ɗan rakiya."