Gaisuwar da Ta Rufe Mana Shafi

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da muka yi bikin kammala ajin yaƙi da jahilci ba, a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai. Har yau in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

'Yata Ummi, mai aikin kwamfuta a Kano, ita ta buɗe wa ajinmu shafi a intanet. Kowaccenmu ta karanta abin da ta rubuta da hannunta, muka naɗi muryoyin a waya aka ɗora tare da hotunanmu. Goggo Ladi, wadda ta girme mu duka, ta fi wata guda tana bitar nata karatun. Ni kuma na yi mata alkawari za a ji muryarta a gaban baƙi, har da jikokinta.

Ana gobe biki muka gwada, muryoyin suka ƙi fita. Na kira Ummi. Ta ce shafinmu kamar ɗaki ɗaya ne a gidan haya, cikin wata babbar kwamfuta da mutane da yawa suka kama wuri a ciki. Ita kwamfutar ba ta san irin fayil ɗin da wayoyinmu ke naɗa ba, sai an yi masa rajista, an gaya mata wannan sauti ne. (Ta ce sunan abin MIME. Na ce Allah ya raya shi.)

"Umma, bari in yi daga nan, layi ɗaya ne."

"A'a," na ce, "ni ce sakatariyar aji. Nuna min in yi da kaina."

To, daga nan na jawo wa kaina. Ta turo min layin na Turanci, ta bi da ni a waya har na buɗe fayil ɗin da ake rubuta wa kwamfutar umarni, a tsohuwar kwamfutar da ta bar min. Ta ce in sa layin a ƙasa in adana, sannan ta koma aikinta.

Na sa layin, na zauna ina kallonsa. Sai na ga bai dace ba. Mutane sun ba mu ɗaki a gidansu, za mu roƙe su alfarma, sai kawai mu jefa musu magana tsirara, ba sallama? Malama Hadiza da ta koya mana rubutu cewa take wasiƙar da ba gaisuwa kamar a faɗa gidan mutane ne da takalmi. Saboda haka na gyara zama na yi abin da ya kamata a saman layin, da yatsa ɗaya, na adana. Na rufe kwamfutar don kada caji ya ƙare, ban ko gwada ba.

Washegari tsakar makaranta ta cika. Ga mazajenmu, ga mai unguwa, ga wata Hajiya daga ofishin ilimin manya. Goggo Ladi ta ci ado ta zauna a gaba. Na buɗe shafi da taƙama, sai fari fat, da 'yan kalmomin Turanci a sama. Jiya muryoyi ne kawai ba sa fita, yau har hotunanmu sun ɓace.

Na kira Ummi. (Wayata kuwa ba a jin magana sai an sa ta a lasifika.) Ta ce bari ta duba daga can. Can sai ta fara karanta abin da na rubuta a fayil ɗin, kowa na ji:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya damina? Dalilin rubuto muku wannan 'yar takarda shi ne... Umma, wa kika rubuta wa wannan?"

"Masu gidan mana," na ce a hankali.

Ta ci gaba da karantawa: "In kun shigo ƙauye akwai gyaɗa. Umma, ba mutum a wurin fa. Na'ura ce take karantawa, in ta ga abin da ba ta gane ba sai ta rufe shafin gaba ɗaya."

Wurin ya kaure da dariya. Maigidana ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni abin da ya dame ni maƙwabtan hayarmu ne, na tambaya ko na rufe musu nasu. Ummi ta ce a'a, ɗakinmu kaɗai na kulle. Malama Hadiza ta goge hawaye ta ce, "Wasiƙa dai ta cika ƙa'ida, wannan ba mai ja."

Ummi ta sa wata 'yar alama mai kama da dara a farkon kowane layin gaisuwata, wai na'ura sai ta tsallake shi, mutum kuma in ya leƙo zai gani. Na sake buɗewa, na danna, sai ga muryar Goggo Ladi tana karanta sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Suka ruga suka rungume ta, aka rangaɗa guɗa.

Abin da na koya shi ne, kafin ki gaishe da mutanen gida, ki fara tabbatarwa akwai mutane a gidan. Gaisuwar tawa dai tana nan a fayil ɗin har yau, ba wanda ya amsa.