Dakta Sanda, Sarkin Jure Zafi

"Zafin Dubai? Wannan ai ɗumin shayi ne! Ni da aka haifa a Nguru da tsakar rana, ungozoma ta suma, ni kuwa ina murmushi!"

Ka ji Sanda ke nan, abokina. Ma'aikacin wani kamfanin jigilar kaya ne a Jebel Ali, tashar jiragen ruwan Dubai, amma tun da ya buga wani siririn littafi kan jure zafi ya liƙa wa kansa "Dakta". Ba wanda ya karanta littafin. Fifita ake yi da shi, kuma a nan kam yana aiki.

To akwai wani ɗan tsibiri can gaba da tashar jiragen ruwa, inda 'yan uwanmu ma'aikata ke zaune da iyalansu. In zafi ya kankama ba mai leƙa waje, shi ya sa Hajiya Uwa, mai kula da harkokin tsibirin, ke gayyato marubuta da masana duk Asabar su yi lacca a zauren taro, AC na hurawa. Sanda ya yi ta naci har aka sa sunansa. Dalili? Alhaji Dikko, mahaifin Muhsinat da yake nema, ya ce zai zo ya ga hankalin mutumin kafin ya ba da amsa.

Ranar, gogan naka ya shafe gemu da baƙin rini don ɓoye furfura, ya zuba babbar riga mai kauri, ya ɗora tabarau, ya sauko daga kwale-kwale yana taku ɗai-ɗai har cikin zauren.

"Jama'a, laccar zafi a cikin sanyi? Wannan ai munafunci ne! A kashe AC. Yalla, kowa bakin teku!"

"Dakta, watan Agusta ne fa," in ji Hajiya Uwa. "Zafin nan ba busasshe ba ne irin na gida, jiƙaƙƙe ne."

"Hajiya, zafi duk zafi ne. Ni na rubuta littafinsa."

Yana sa ƙafa waje tabarau ya yi fari fat da tururi. Girman kai ya hana shi cirewa. Ya lalubi hanya, ya durƙusa gaban wata bishiyar dabino.

"Baba, ina wuni?"

"Ina bayanka," in ji Alhaji Dikko.

Don ya wanke kunya, sai ya tuɓe takalmi ya taka yashi, wai ya nuna taurin ƙafar ɗan Nguru. Wayyo! Nan take ya hau tsalle-tsalle.

"Motsa jiki ne, jama'a! Yana cikin littafin!"

Muhsinat ta ji tausayinsa, ta miƙo masa ruwan sanyi. Shashashan ya ture.

"Namiji ba ya shan ruwa sai rana ta faɗi."

Abin da Sanda, Malam Tanderu, bai sani ba, a Nguru gumi na fitowa iska ke shanye shi. Nan kuwa ba inda yake zuwa. Babbar riga ta jiƙe sharkaf ta manne masa. Can sai ga wani baƙin ruwa na gangarowa daga haɓarsa zuwa wuyan riga.

"Baba, gemunsa na zuba!" in ji Muhsinat.

Alhaji ya matso, ya ƙura wa furfurar ido. "Ikon Allah. Ashe sa'ana ne."

"Bari... bari in ɗauko littafin in karanta muku," in ji Sanda. Ya juya ya ɓace.

Aka jira, aka gaji, kowa ya ruga zaure yana tsine wa laccar. Hajiya Uwa ta roƙi Mukaila, mutumin Kumasi mai kantin tsibirin, ya kawo wa mutane lemo. Yana buɗe ɗakin sanyi ya kurma ihu, jama'a suka yi caa a ƙofa.

Ga Dakta daga shi sai singileti, kwance kan kwalaye, ya rungume wani ƙaton daskararren kifi, ya manna kumatu a jikinsa, ido a lumshe, yana cewa, "Habibi, kar ka rabu da ni."

Ya buɗe ido ya ga Alhaji tsaye a kansa.

"Baba, bincike nake yi. Littafi na biyu... kan sanyi ne."

Alhaji ya gyara hula, ya kama hannun 'yarsa.

"Muhsinat, mu tafi. Dakta ya riga ya sami mata, kuma na ga sun fahimci juna. Mukaila, kai ne waliyyin amarya."